Ɗaya Bisa Ɗaya

Shekara talatin ina awon gonakin mutane
a Dadin Kowa, da igiya da turaku,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan sanda.
Da na ajiye aiki
idon nan buɗaɗɗe ya rasa abin kallo.

Takardar izini ta ci wata tara.
Ran da ta fito na shiga motar Gombe,
na sauka Jekadafari, gidan Bappa Gidado,
wanda gwiwa ta raba da daji,
ta bar masa bindiga biyu ƙarƙashin gado.

Ya shimfiɗa su kan tabarma.
Ta farko bakunanta kafaɗa da kafaɗa
kamar hancin bijimi.
Ta biyu, ɗaya bisa ɗaya,
kamar uwa da goyo.

Hannuna ya tafi ga mai zanen furanni.
Ya doke shi da mafici.
"Safiyo, zane ba ya harbi.
Kuma ba kai ke zaɓe ba, kafaɗarka ce.
Rufe ido duka biyu. Ɗaga. Kai ta kumatu.
To buɗe. Me ka gani?"

Da ta farko na ga faɗin ƙarfe,
filin da zabo zai iya ɓuya a bayansa.
Da ta biyu sai layi guda, siriri,
daga ƙwayar idona
zuwa ƙusar da ya rataye hularsa,
irin layin da na tsufa ina nema
tsakanin maƙwabta masu gaba.

Na ce ta yi nauyi.
Ya ce, "Mai sauƙin ɗauka
ita ce mai naushin kafaɗa.
Bakin ƙasa a sake yake, na kusa ne.
Na sama a matse, na wanda ya yi nisa.
Ɗaya na gaggawa, ɗaya na nadama."

Na biya daga kuɗin sallama.
Bai ƙirga ba.
Ya karya ta kan gwiwarsa, ya leƙa ciki,
ya daɗe yana shaƙar ƙamshin mai.

Goggo Fanta mai tukwane ta yi dariya
har ta tuntsure da na ce ta gina mini
abin da zan fasa.
Amma ta gina: faya-fayen yumɓu,
faɗin tafin hannu, hamsin a kwando.
Jikana Hammayo ke jefawa daga kan jigawa,
can inda babu gida, babu garke.

Goma sha ɗaya suka sauka lafiya lau.
Yaron ya daina dariya, ya koma tausayi.
Ƙasa ce ta ɓata ni.
Ita in ka auna ta da safe
da yamma tana nan inda ka bar ta.
Ni ina harbin inda faifai yake,
shi kuwa ya riga ya tashi daga can.

Na sha biyu na ba shi hanya,
na kai baki gabansa, inda babu komai,
na ja kunama.
Jan gari ya watsu a sama
kamar an busa barkono.

Bayan girbin shinkafa, da sanyin asuba,
raɓa har gwiwa,
fakara biyu suka tashi daga gindin kunya.
Ɗaya ta faɗo.
Ɗayar na bi ta da layin nan nawa
har ta haye ruwa, ta zama ɗigo.
Yatsana yana wurinsa. Bai motsa ba.

Na kai wa Bappa a jakar leda.
Ya juya ta, ya shafa gashin ƙirjinta.
"Da wane baki?"
Na ce na ƙasa.
"Na sama fa?"
Na zaro harsashin daga aljihu, na ajiye gabansa.

Ya ɗauka, ya girgiza shi kusa da kunne,
ya kira matarsa ta ɗora ruwan zafi.